Tsakanin Fushi da Duka: Yadda Nazarin Kai ke Shafar Rikici a Tsakanin Ɗalibai Masu Buƙata ta Musamman

A Minna, babban birnin Jihar Neja, kamar sauran garuruwan Arewa, akwai maganganun da aka daɗe ana yi a kan yara masu buƙata ta musamman, har suka zama tamkar gaskiyar da ba ta buƙatar hujja. A kan ce kurma akwai zafin zuciya, makaho akwai zargi, mai raunin fahimta kuwa ba ya jin bari. Da waɗannan maganganu ake fassara duk faɗan da ya ɓarke a aji ko a ɗakin kwanan ɗalibai, da su kuma ake yanke hukunci: ko a ɗauko bulala, ko a tura yaro gida, ko iyayensa su gaji su cire shi daga makaranta baki ɗaya.

Masana halayyar ɗan'adam da suka shafe shekaru suna bin diddigin faɗan yara sun karkata ga wani wuri dabam. Abin da ya fi ɗaukar hankalinsu shi ne ɗan taƙin da ke tsakanin lokacin da aka ɓata wa yaro rai da lokacin da ya mayar da martani. Taƙin bai fi 'yan daƙiƙoƙi ba, amma a cikinsa ne yaro yake tambayar kansa abin da ya faru, da niyyar wanda ya yi masa, da abin da zai biyo baya idan ya kai hannu. Wannan aiki na zuci shi ake nufi da nazarin kai. Yaron da ke da kayan yin sa yakan sami hanya fiye da ɗaya ta fita daga rigima, wanda bai da su kuwa hannunsa ne ke riga tunaninsa.

Mene ne nazarin kai?

Hausa ba ta rasa kalmomin wannan al'amari ba. Idan mutum ya zauna bayan rigima yana auna abin da ya faɗa, mun ce yana yi wa kansa hisabi, ko yana waiwaye. Idan yana tsakiyar magana ya lura muryarsa ta fara tashi ya sassauta, mun ce ya ankara. Idan ya hango inda zancen zai kai su ya fasa, mun ce yana da hangen nesa. Masanin halayyar ɗan'adam na ƙasar Rasha, Anatoly Karpov, wanda ya fitar da ma'aunin wannan ɗabi'a a 2003, kashi uku ɗin nan ya yi mata: duban abin da ya wuce, da lura da abin da ake ciki, da auna abin da ke tafe.

Tun a 1910 masanin falsafar ilimi na Amurka, John Dewey, ya yi bayanin cewa tunani mai zurfi yana farawa ne daga ruɗani, kuma sharaɗinsa shi ne mutum ya iya jinkirta yanke hukunci har ya bincika. Jinkirin nan shi ne ƙashin bayan batun, kuma ana iya auna shi. A shekarun 1960 Jerome Kagan na Jami'ar Harvard ya riƙa nuna wa yara hoto guda, sannan ya ba su wasu hotuna masu kama da shi ƙwarai domin su zaɓi wanda ya yi daidai da na farko. Wasu yaran kan yi caraf su nuna, su yi ta kuskure. Wasu kan dakata su duba, kuskurensu ya ragu.

A ɗauki misali, ba na wata makaranta takamaimiya ba. Mazauna Minna sun san ruwan madatsar Tagwai da ake tacewa a Chanchaga ba kullum yake isa ko'ina ba, musamman idan rani ya tsananta, don haka layin jarkoki a bakin famfo ba baƙon abu ba ne. A ce ɗalibi kurma mai shekara 12 ya ajiye jarkarsa a layi ya juya baya. Wani ɗalibi ya zo wucewa da bokiti, ƙafarsa ta ture jarkar, ya ce "yi haƙuri", ya wuce. Da yaro mai ji ne, ya sami bayani tun kafin ya juyo: ya ji tuntuɓen, ya ji ban haƙurin, ya ji irin muryar da aka yi shi da ita. Shi kuwa kurman abin da ya gani kawai shi ne jarkarsa a kwance, da ƙeyar wani yana tafiya, da yara biyu a gefe suna dariya, wataƙila a kan wani abu da bai shafe shi ba.

A 1980 Kenneth Dodge ya gwada irin wannan yanayi da yara maza a Amurka. An sa kowane yaro haɗa guntayen hoto, sai aka nuna masa cewa wani yaro ya wargaza aikin. A wani karon a fili take mugunta ce, a wani a fili take taimako aka yi niyya, a wani kuma ba a iya tantancewa. Inda niyya ta fito fili, yaran da aka sani da faɗa da waɗanda ba su da shi sun mayar da martani kusan iri ɗaya. Inda al'amarin ya shige duhu ne suka rabu: masu faɗan suka ɗauka da gangan aka yi. Yaran Dodge ba masu lalura ba ne, amma darasin ya shafi namu kai tsaye, domin yaron da ba ya ji ko ba ya gani yana faɗawa cikin irin wannan duhun sau da dama a yini guda. Abin da ake kira zargi sau da yawa ƙoƙari ne na cike gurbin labarin da bai iso shi ba.

Da wane harshe yaro zai yi shawara da zuciyarsa?

Nan ne batun ya fi nauyi. Masanin Rasha Lev Vygotsky, wanda ya yi aiki a kan ilimin kurame da makafi a Mosko kafin rasuwarsa a 1934, ya lura cewa ƙaramin yaro kan yi wa kansa magana a bayyane yayin da yake wasa ko aiki, daga baya maganar ta koma ciki ta zama tunani. Umarnin da uwa ke ba ɗanta, "tsaya", "bari", "ba ƙanenka", shi ne wata rana yaron zai riƙa ba kansa ba tare da ya buɗe baki ba. Ke nan linzamin da mutum ke riƙe kansa da shi da harshe ake saƙa shi, ko harshen baki ko na hannu.

Ƙididdigar da aka yi a Amurka ta nuna fiye da kashi 90 cikin 100 na yara kurame iyayensu masu ji ne. A irin waɗannan gidaje ana nuna wa yaro abinci da wanka da aike da hannu, amma ba kasafai ake samun mai yi masa bayanin dalilin fushin babansa ba, ko cewa yayarsa mantawa ta yi, ba ƙeta ba ce. Hirar da ake yi a tsakar gida a kan wane ya zaci kaza, wance ba ta sani ba, wadda yaro mai ji ke tsinta ba tare da an koya masa ba, duk tana wuce shi.

A 1995 Candida Peterson da Michael Siegal suka gwada tasirin haka a Ostireliya. Gwajin mai sauƙi ne: wani ya ajiye abu a wuri ya fita, aka sauya masa wuri a bayan idonsa, to ina zai nema idan ya dawo? Yaro mai ji yakan gane tun yana shekara 4 zuwa 5 cewa mutumin zai nufi wurin farko, domin bai san an sauya ba. Da yawa daga cikin kuramen da suka tashi a gidajen masu ji sun kasa amsawa daidai, har da waɗanda suka haura shekara 8. Binciken da ya biyo baya ya nuna kuramen da iyayensu kurame ne, waɗanda suka sami yaren hannu tun suna goye, ba su da irin wannan jinkiri. Ashe ba kunne ne matsalar ba, rashin abokin hira ne. Wanda kuwa bai saba da cewa mutum na iya yin abu bisa rashin sani ba, da wuya ya yi wa wanda ya ture jarkarsa uzuri.

A ƙasarmu akwai ƙarin sarƙaƙiya. Yaron da ya fito daga ƙauyukan da ke kewaye da Tagwai, gidansu ana iya yin Gbagyi, ko Hausa, ko Nufanci, ko Fulatanci. Idan kurma ne yana zuwa makaranta da alamomin da shi da 'yan gidansu suka ƙirƙira, ko kuma da wani abu na maganar hannu ta ƙasar Hausa, wadda Bajamushiya Constanze Schmaling ta yi nazarinta a Kano ta wallafa littafi a kanta a 2000. A aji kuwa wani yaren zai tarar. Yaren hannun da makarantun kurame na Najeriya ke amfani da shi ya samo tushe ne daga na Amurka, ta hannun Andrew Foster, baƙar fata kurma ɗan Amurka da ya buɗe makarantar kurame a Ibadan a 1960, kuma darussan da Ingilishi ake rubuta su. Sabon ɗalibi yakan shafe watanni bai iya kai ƙara ba, bai iya kare kansa ba, bai iya ba da haƙuri yadda za a gane ba. Ba abin mamaki ba ne idan rigima ta fi yawa a wannan zango.

Na makafi ya bambanta. Suna da harshe, har sukan fi tsaransu kaifin sauraro, amma murmushin da ke nuna wasa ake yi, da ɗaga hannun da ke nufin "ban gan ka ba", ba sa isa gare su. Ga kuma dogaro da tsarin wuri: wanda ya ɗauke sandar makaho ko ya matsar da allon rubutunsa daga inda ya ajiye, ya ɗauke masa fiye da kaya.

Yara masu raunin fahimta da masu lalurar otizim, wadda kafafen yaɗa labarai kan kira galahanga, su ne aka fi yi wa mummunar fassara. A 1985 Edward Carr da Mark Durand suka nuna cewa duka da ihu da birgima a wurin irin waɗannan yara sau da yawa saƙo ne. Sun lura wasu yaran kan tayar da hankali idan aiki ya yi musu wuya, wasu kuma idan malami ya daina kula su. Da aka koya wa kowane yaro gajeriyar jimlar da ta dace da buƙatarsa, ta neman taimako ko ta neman a duba aikinsa, sai tayar da hankalin ya ragu ƙwarai. Jimlar da ba ta dace da buƙatar yaron ba kuwa ba ta yi wani tasiri ba.

Shiru ba lafiya ba ne

Ma'aunin da aka fi amfani da shi wajen nazarin halin mutum a lokacin saɓani shi ne na Kenneth Thomas da Ralph Kilmann, wanda ya fito a 1974. Ya dubi abu biyu, wato yadda mutum ke kare buƙatarsa da yadda yake la'akari da ta abokin rigimarsa, ya fitar da hanyoyi biyar. Akwai mai fito-na-fito, wanda sai nasa ya tabbata. Akwai mai zamewa, wanda ke barin wurin da batun baki ɗaya. Akwai mai sallamawa, da mai cewa a raba biyu kowa ya rage, sai kuma mai zama a tono asalin matsalar har kowa ya sami biyan buƙata. Masu ma'aunin ba su ce ɗaya ce daidai a kowane hali ba. Yaron da babban ɗalibi ya tare shi a bayan aji, zamewa ita ce dabara. Abin dubawa shi ne ko yaro na da zaɓi, ko kuwa hanya ɗaya tak ya sani.

A nan malamai da iyaye ke yawan ruɗuwa. Mai fito-na-fito kowa na ganinsa, sunansa ne a littafin ladabtarwa. Yarinyar da kullum ake karɓe mata sabulu ta yi shiru kuwa sai a ce mai haƙuri ce. Haƙuri da kawaici manyan ɗabi'u ne a wurin Bahaushe, amma mai kawaici ya san haƙƙinsa, ya auna, ya zaɓi ya kau da kai. Wadda ba ta da kalmomin kai ƙara, ko ta gwada ba a fahimce ta ba, ba kawaici take yi ba. Ta fid da rai ne. Irin wannan shirun ne kan fashe rana guda a kan abin da bai taka kara ya karya ba, a ce aljanu ne.

Shi kansa nazarin kai yana da gefen da ke cutarwa. Susan Nolen-Hoeksema, wadda ta yi bincike a kan baƙin ciki mai tsanani a shekarun 1990, ta nuna cewa maimaita ɓacin rai a zuci ba tare da neman mafita ba yana ƙara tsawaita damuwa. Saƙa da warwara ke nan. Ɗalibin da aka saba yi wa gori a kan lalurarsa yana iya kwana yana bitar abin da aka ce masa, ya wayi gari ya fi jiya ƙunci. Saboda haka cewa yaro "je ka yi tunani a kan abin da ka yi" ba ya wadatarwa, sai an ba tunanin tambayoyin da za su kai shi ga mataki.

Abu ne da ake koyarwa

A 1971 Donald Meichenbaum da Joseph Goodman a Kanada suka koya wa yara masu gaggawa yi wa kansu magana. Malami ya fara yin aikin yana faɗin matakansa a bayyane, har da yadda zai gyara idan ya yi kuskure. Sai yaron ya yi malami na faɗa masa, sai ya yi yana faɗa da bakinsa, sai da raɗa, daga ƙarshe a zuci. Hanyar da Vygotsky ya bayyana ce aka bi da gangan, mataki-mataki.

Shirin PATHS, wanda a yau ake amfani da shi a makarantun yara masu ji a ƙasashe da dama, domin kurame aka fara tsara shi. Mark Greenberg da Carol Kusché ne suka ƙirƙiro shi a birnin Seattle na Amurka a shekarun 1980. Yana koya wa yara sunayen abin da suke ji a rai ta hanyar katunan fuskoki, domin yaron da bai san bambancin haushi da kunya da tsoro ba duka da duka yake fassara su. Ƙananan yara ana ba su labarin kunkuru, wanda idan ransa ya ɓaci yakan shige ƙoƙonsa ya numfasa kafin ya fito. Yaro ya rungume hannayensa a ƙirji, kuma hannun da ke rungume ba ya kai mari. Manya ana koya musu da fitilar kan titi: ja a tsaya a huce, rawaya a nemo dabara, kore a gwada, sannan a waiwaya a ga ko ta yi. Babu abin da ke cikin wannan da ya fi ƙarfin kwali da alli, kuma kunkuru ba baƙo ba ne a tatsuniyoyinmu.

Sasanci a tsakanin tsara ma ba sai an yi aronsa daga waje ba. A biranen ƙasar Hausa an daɗe da sarautun Sarkin Makafi da Sarkin Guragu, waɗanda daga cikin aikinsu akwai sulhunta jama'arsu. Ɗalibi kurma na babban aji da ya ƙware a yaren hannu yakan gano bakin zaren rigimar ƙananan yara kafin malamin da hannunsa bai faɗa ba ya gama tambayar wa ya fara.

Ɗaya ɓangaren ɗaliban

Idan aka ce ɗaliban ilimi na musamman, akwai rukuni na biyu da sunan ya haɗa da su: matasan da ke karatun zama malaman waɗannan yara. Ana horar da su a Kwalejin Ilimi ta Tarayya ta Musamman da ke Oyo, wadda aka kafa a 1977, da sassan ilimi na musamman na jami'o'in Ibadan da Jos da Bayero ta Kano. Manufar Ilimi ta Ƙasa ta 1977 ta kuma tanadi cewa duk mai koyon malanta ya sami darussan share fage a wannan fanni, tanadin da ya shafi kwalejoji irin Kwalejin Ilimi ta Jihar Neja da ke Minna.

A rigimar aji malami ba alƙali ne kawai ba, sau da yawa yana cikin masu rigimar. Donald Schön, a littafinsa na 1983 a kan yadda ƙwararru ke tunani a bakin aiki, ya bambanta nazarin da ake yi ana tsakiyar aiki da wanda ake yi bayan an gama. Na farkon shi ne malama ta lura ranta ya fara ɓaci, ta tuna cewa kurma fuskarta yake karantawa kafin hannunta, ta sassauta. Na biyun littafin rubutu kawai yake buƙata, mai gida uku: abin da ya faru gab da rigimar, abin da yaron ya yi, da abin da ya biyo baya. Bayan mako biyu ko uku tsari kan bayyana. Sai a ga faɗan kullum kafin cin abinci ne, ko a darasin lissafi, ko duk ranar da aka sauya wurin zama. Wani lokaci gida na uku ne ke tona asiri: idan duk ranar da yaro ya yi duka ana fitar da shi daga darasin da yake gudu, to hukuncin ya zama lada.

Bulala tana tsayar da faɗa nan take, shi ya sa ake son ta. Sai dai ga yaron da ba a iya yi wa bayanin laifinsa ba, abin da ta koya masa shi ne mai ƙarfi ke da gaskiya, wato hanyar fito-na-fito da ake son raba shi da ita.

Dokar haramta nuna wariya ga masu buƙata ta musamman ta 2018, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sanya wa hannu a Janairun 2019, ta ba su 'yancin ilimi kyauta har zuwa sakandare. Ta wajabta wa kowace makarantar gwamnati samun aƙalla ma'aikaci guda da aka horar domin kula da karatunsu, ta kuma ce rubutun makafi da yaren hannu su shiga manhaja. Akan kalli wannan tanadi a matsayin batun cin jarrabawa, alhali shi ne kuma tanadin zaman lafiyar aji. Idan makarantun unguwa za su karɓi kurame tare da masu ji, kamar yadda dokar ke nufi, to yaron da ya ture jarka yana buƙatar sanin yadda ake ba da haƙuri da hannu, kuma ya san sai ya zagayo gaban kurma kafin ya bayar.

Haka ma a gida, inda ɗalibin kwana ke komawa ya yi dogon hutu a tsakanin mutanen da ba su iya yaren da ya koyo ba. Iyaye da 'yan'uwa kan fara da alamomin abinci da ruwa da kuɗi, waɗanda dama an daɗe da samun hanyar nuna su. Waɗanda aka fi rasawa ranar da rai ya ɓaci ba su fi a ƙirga da yatsu ba: jira, me ya faru, ban sani ba, ba da gangan ba ne, raina ya ɓaci, yi haƙuri. Ɗalibin da kansa zai iya koya wa mutanen gidansu su a makon farko na hutu, idan malaminsa ya ba shi wannan a matsayin aikin gida.